Da Kaka A Ke Shirin Damina

In kaka ta yi a Riko da sauran ƙauyukan ƙasar Jibiya, ba a rasa fara'a a fuskar kowa. Ga dammunan gero a bakin rumbu, ga wake a shanye, amalanke na ta kai da kawowa tsakanin gona da gida. A lokacin ne kuma a kan ji manyan maganganu a dandali bayan sallar lisha. Wannan ya ce baɗi war haka sai ya ɗaure bijimai biyu na huɗa. Wancan ya ce shi da cin bashi har abada. Wani kuma ya ce zai fanso gonar ubansa da ya jinginar.

Duk maganganu ne masu kyau. Amma a dawo dandalin nan cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, a tambayi masu maganar inda aka kwana. Mai bijimai ya sayar da akuyarsa ya auno dawa. Wanda ya rantse ba shi ba bashi yana ƙofar gidan mai hatsi tun da asuba. Gonar jingina kuwa tana nan hannun wanda ta ke.

Ba ragwanci ya jawo wannan ba. Manomin Riko ba rago ba ne, kowa ya ga tafin hannunsa ya sani. Abin da ya faru shi ne, an yi fata ba a yi shiri ba. Fata a baki ya ke, ba shi da lissafi, ba shi da rana. Shiri kuwa yana da adadi, yana da lokaci, yana da ɗan aikin da za a riƙa yi kullum har ya zama jiki.

Yadda bara ke cinye bana

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, tana binciken zaman manoma gida gida. Littafinta ya fito a 1972. Cikin abin da ta gano har da cewa akwai mutanen da talauci ke hana su noma, alhali suna da gona. Rumbunsu ya kan ƙare da wuri. In damina ta sauka, lokacin da gonarsu ke bukatarsu, sai su tafi ƙwadago gonar wani don samun abin da za a sa a tukunya ran nan. Kafin su juyo kan tasu ciyawa ta ci ƙarfinta. Mai hali kuwa ya kan adana hatsinsa sai ya yi tsada.

Yau fiye da shekara hamsin ke nan, amma wanda ya san ƙauye ya san maganar ba ta tsufa ba. Mutum ya sayar da hatsi da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, kasuwa ta faɗi. Ya saya da damina, lokacin da kowa ke saye, kasuwa ta hau. In abin ya ci tura ya karɓi falle, watau kuɗi a kan amfanin da bai nuna ba, ya biya da dami ranar girbi. Ashe kaka ba ta zo ba an riga an ci rabinta. Haka bara ke cinye bana, bana kuma ta cinye baɗi.

Wannan igiya ba ta tsinkewa da rantsuwa a dandali. Sai an zauna an warware ta sili sili.

Fara da ƙidaya

Abu na farko shi ne maigida ya san tiya nawa gidansa ke ci a rana. Da yawa ba su sani ba. Uwargida ce ta sani, don ita ke awo. Sai ya tambaye ta, ba kunya ba ce.

A ɗauki misali. A ce gida na cin tiya 2 kullum. Shekara kwana 365, ke nan tiya 730. In buhu na ɗaukar tiya 40, gidan nan na bukatar buhu 18 da tiya 10, ban da iri, ban da baƙi, ban da suna da biki. To, a ce bayan fid da zakka abin da ya rage buhu 14 ne. Tiya 560 ke nan, abincin kwana 280. In aka fara ci daga farkon Nuwamba, zai ƙare a makon farko na Agusta, daidai lokacin da aiki ya yi yawa, sabon gero bai nuna ba, kasuwa kuma ta yi zafi.

Maigidan da ya yi wannan lissafi da kaka ya san ranar da matarsa za ta ce, "Malam, rumbu fa ya yi ƙasa," tun da sauran wata tara. Wanda bai yi ba sai dai maganar ta faɗo masa kamar aradu. Dukansu biyu giɓinsu ɗaya ne, buhu huɗu da 'yan kai. Bambancin shi ne na farko yana da wata tara na neman dabara, na biyu kuwa dare ɗaya gare shi.

Daga nan ne buri na gaskiya ke fitowa. Ba "ina so in yi arziki" ba. A'a, sai dai "nan da kaka biyu ina so in rufe giɓin buhu huɗu, in yi noman fari a gonata ba a gonar wani ba." Wannan buri ne da a ke iya aunawa. In kaka ta zagayo, buhu ne zai ba da shaida, ba baki ba.

Kuma buri ɗaya ya isa a shekara. Mai son bijimai da fansar gona da sabon ɗaki da ƙarin aure duk a kaka ɗaya, ya yi taron yawa, kuma an san ba a bin zomo biyu a kama. Ciki shi ne gaba. In rumbu ya kai gida sabuwar kaka ba bashi, sauran za su biyo baya.

Kowane lokaci da aikinsa

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Amma noma na wata goma sha biyu ne. Wanda ya ɗauka aikin gona na farawa ne ranar da ruwa ya sauka, ya riga ya makara.

Da kaka a ke zaɓen iri, tun amfani na tsaye a gona. A bi a cire zangarniyar da ta fi cika, wadda ba ta da cuta, a ɗaure ta dabam, a rataye inda hannun mai girki ba zai kai ba. Da kaka kuma a ke raba hatsi kashi biyu, na ci yanzu da na damina. Na damina a rufe shi a liƙe, a yi alkawari ba za a buɗe ba sai an yi shuka. Tsofaffi sun san wannan, 'ya'yansu ne suka sake.

Wake shi ne kuɗin manomi, amma ƙwari kan mai da shi gari cikin 'yan watanni, shi ya sa a ke gaggawar rabuwa da shi a arha. Tun 2007 aka fara yaɗa buhu mai ninki uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago. Ba ya bukatar magani. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwaron da ke ciki in ya rasa iska sai ya mutu. Haka nan harawa. Wadda a ke tattakewa da kaka, ita ce mai kiwo ke nema ido rufe da bazara.

Da rani a ke kai taki gona. Jaki ɗaya, mangala biyu kullum, in aka dawwama a kai wata huɗu, ya fi gayyar kwana ɗaya. Da rani a ke gyaran galma da sungumi, lokacin da maƙeri ba shi da layi. Mai tafiya cin rani kuma ya yanke tun daga gida abin da zai dawo da shi da ranar da zai dawo, kada ruwa ya sauka yana tasha.

Da bazara a gwada iri. A ƙirga ƙwaya ɗari, a naɗe a tsumma mai laima, a duba bayan 'yan kwanaki a ga nawa suka tsiro. In rabi ne kurum, gara a sani yanzu da a sani bayan an zuba shi a ƙasa. Wanda ƙarfinsa bai kai buhun takin zamani ba, kada ya ce ba komai. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa ɗan takin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, in aka sa shi a kowane rami, ya kan ƙara gero ƙwarai a ƙasar jigawa. Tiya kaɗan a gindin shuka ta fi buhun da aka yi mafarkinsa ba a saya ba.

Da damina kuwa noman fari shi ne uban aiki, kada ya wuce mako biyu zuwa uku da tsirowa. Sai kuma ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Kowane guda ɗaya in aka bar shi ya yi fure ya kan zubar da 'ya'ya dubbai, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Wanda ya saba tuge shi duk inda ya gan shi kafin ya zuba 'ya'ya, ya kai shi waje ya ƙone, ba zai ga bambanci a shekarar farko ba. A shekara ta biyar maƙwabcinsa ne zai zo tambaya.

Darasi daga Maraɗi

Mai shakkar cewa ƙaramin aiki na kullum na iya juya ƙasa, ba sai ya je nesa ba. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai mil arba'in ba. Harshe ɗaya ne, ƙasar jigawa iri ɗaya, ruwan da ya wuce ta kogin Gada ma shi ne ke zama gulbin Maraɗi.

A farkon shekarun 1980 gonakin wannan yanki sun zama fili fetal. An sare itatuwa, iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka har sai an sake iri sau biyu ko uku. An kashe kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa a lambu a kai su a dasa, amma mafi yawansu sun mutu. Waɗanda rana ta bari awaki sun cinye.

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura da wani abu da kowa ke gani ba wanda ya kula. Ƙananan tsirrai da manomi ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare. Saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar dashe, ba a bukatar ban ruwa. Abin da a ke bukata shi ne manomi ya sāke yadda ya ke sassabe. Maimakon ya share duka ya ƙone, sai ya zaɓi kututture, ya bar rassa masu ƙarfi kamar uku zuwa biyar, ya datse sauran, ya riƙa dawowa bayan 'yan watanni yana gyarawa. Wannan shi a ke kira sassaben zamani. Kayan aikinsa gatari da adda, waɗanda ke kowane gida.

Manoma kaɗan ne suka yarda da farko, an kuwa yi musu dariya, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko kara a tsaye. Sai ga fari da yunwar 1984. Aka riƙa ba da abinci ga duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa. Nan da nan ƙauyuka masu yawa suka shiga, aka bar itatuwa dubbai.

Ga inda darasin ya ke. Da yunwa ta wuce aka daina rabon abinci, sai mafi yawan itatuwan nan suka sha gatari. Waɗanda suka yi don hatsin agaji, hatsi na ƙarewa suka koma gidan jiya. Amma akwai waɗanda suka riƙe, don sun ga da idonsu iska ta rage dukan shuka, mata sun sami itacen girki kusa, dabbobi sun sami ganye da bazara, gero kuma bai ragu ba. Su ne maƙwabta suka riƙa leƙawa suna kwaikwayo, daga gona zuwa gona, daga ƙauye zuwa ƙauye.

Bayan kamar shekara ashirin masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na sabon lokaci. Ƙiyasin da suka bayar a 2009 shi ne, a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kamar tan dubu 500 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Amma ba shi ya datse itatuwan nan ba. Talakawa ne, kowa a gonarsa, da addarsa, shekara bayan shekara.

Cikin itatuwan da suka dawo akwai kalgo da sabara da aduwa da magarya, amma sarkinsu gawo ne. Shi ne ke zubar da ganye da damina, lokacin da amfani ke son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke son inuwa. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki da tumaki. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo. Amma gawo ba ya girma a damina ɗaya. Wanda ya bar tohonsa bana, sai bayan shekaru zai ci moriyarsa. Irin wannan aiki ba a yin sa don tsoron hukuma ko kwaɗayin kyauta. Sai ya zama hali.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Wani zai ce, "Ai gobe ta Allah ce, wa ya san zai kai baɗi?" Gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Amma mai faɗin haka bai taɓa cinye irinsa da rani ya ce Allah zai saukar da wani ba. Kowa ya san labarin Annabi Yusufu, alaihis salamu, yadda aka tara hatsin shekarun wadata a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Tanadi ba ya rushe tawakkali. A shuka, a nome, sa'an nan a jira rahama.

Wani kuma zai ce, "Wanda ba shi da na yau, ina ya ga na ajiya?" Wannan magana ce mai nauyi, ba ta wasa ba ce. Akwai gidajen da gonarsu ba ta iya ci da su ko da sun yi iyakar ƙoƙari, waɗannan suna da hakki a kan 'yan'uwa da masu zakka da hukuma. Amma zaɓen iri ba ya cin kwabo. Tuge ƙuduji ba ya cin kwabo. Barin tohon gawo da tara shara da toka da kashin awaki a rami ɗaya ba su cin kwabo. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar lissafi, don mai hali in ya yi kuskure rumbu na biyu ya rufa masa asiri, shi kuwa ba shi da na biyu.

Na uku zai ce, "Mu da ke bakin iyaka, yau a buɗe gobe a rufe, ga kuma tashin hankalin daji." Wannan ma ba ƙarya ba ne. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Jibiya, gonaki da yawa na nesa da gari sun gagari masu su, wasu sun rasa shanu, wasu sun rasa abin da ya fi shanu. Ba wanda zai ce lissafin tiya na maganin bindiga. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma.

Amma ko a nan akwai abin lura. Wanda duk dogaronsa na kan ɗan cinikin ƙetare, ranar da aka sa shinge ya zauna. Madatsar ruwan Jibiya da aka gama a 1991 an tsara ta shayar da kimanin hekta 3,500, amma an yi shekaru ana kukan ba a ci moriyarta yadda aka so ba, saboda injunan tura ruwa na bukatar mai da gyara. In ta yi aiki alheri ne, a ci moriya. Sai dai mai hankali ba ya gina abincin iyalinsa a kan abin da makullinsa ke hannun wani. Ya kan fara da abin da ke hannunsa, ko da ƙaramar gonar bayan gida ce. Eka ɗaya da ta ƙoshi da taki ta fi uku da aka yi wa shafa.

Kafin wannan mako ya fita

Abu uku ne, ba su da wuya. Na ɗaya, maigida ya zauna da iyalinsa a ƙirga abin da ke rumbu, a san ranar da zai ƙare. Na biyu, ya zaɓi buri guda mai adadi da lokaci, a rubuta shi da boko ko da ajami. In bai iya ba, ɗansa na makaranta ya rubuta masa a bayan littafi. Na uku, ya faɗa wa mutum ɗaya da ya ke jin nauyinsa, wa ne ko amini, wanda zai iya tare shi ran kasuwa ya ce, "Yaya, wannan buhun ba na damina ba ne?"

Za a yi tuntuɓe, babu shakka. Za a yi rashin lafiya a buɗe rumbun da aka liƙe. Za a yi shekarar da ruwa zai ɗauke ana tsakiyar bununi. Wannan ba dalilin watsar da shiri ba ne. Wanda ya nufi buhu huɗu ya sami biyu, ya fi wanda bai nufi komai ba da buhu biyu. Sai ya duba inda aka zame, ya gyara, ya ci gaba. Da yayyafi kogi kan cika.

Manoman Maraɗi ba su san suna tsirar da itace miliyan 200 ba. Kowannensu kututture ɗaya ya gani a gabansa, ya ɗaga adda, ya fasa sarewa. Irin wannan kututture na nan a gonakin Riko, yana jiran bazara.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.